Jirgin Da Aka Ƙera Da Tunanin Ranar Nutsewarsa

 

Wataƙila wani ya tambaya, me ya haɗa mutumin Sabuwa da zancen jirgin ruwa? Tambayar tana kan hanya, domin mu mutanen tudu ne, manoman masara da dawa, kuma ruwan da muka sani shi ne rafin da ke cika da damina ya ƙafe da rani. To amma a ganina wannan shi ne dalilin da ya sa zancen ya fi shafarmu. Mafi yawanmu ba mu iya iyo ba, alhali neman abinci da biki da ziyara sukan kai mu Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara, ko su sa mu ƙetare wata madatsar ruwa. Wanda bai iya iyo ba kuwa, da zarar ya sa ƙafa cikin kwalekwale, to bayan kiyayewar Allah ransa ya rataya ne ga yadda aka ƙera wannan kwalekwale da yadda aka yi masa lodi.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, bayan ya taso daga ƙauyen Badau. Akasarin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Maulidi, kuma an tsamo gawarwaki aƙalla 29. Watanni shida kafin nan, ranar 26 ga Mayu, wani jirgin katako mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a Kogin Kwara kusa da Warra, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, inda waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah Ya jiƙan su da rahama. Tun daga lokacin nake bibiyar wata tambaya: ya ake yi wani jirgin ya huje amma mutanensa su fita da rai, wani kuma ya tafi da kowa cikin ƙiftawar ido?

Amsar da na samu ita ce, masu ƙera jirgi na ƙwarai suna zana shi ne da tunanin cewa wata rana zai huje, ko ya kama da wuta, ko ya karkace. Don haka duk dabarunsu sun tattara ne kan abu biyu: jinkirta nutsewar gwargwadon iko, da tanadar abin da mutane za su kama idan jirgin ya tafi.

Dabara ta farko ita ce raba cikin jirgi gida-gida da bangaye waɗanda ruwa ba ya ratsa su. Duk mai noman lambu ya san fangali, ya san yadda kunya ke tsare ruwa a fangali guda ta hana shi malala zuwa na kusa. Haka cikin babban jirgi yake, in ɗaki guda ya huje ya cika da ruwa, sauran ɗakunan suna nan cike da iska, su ci gaba da tallafe jirgin. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙera jiragensu na katako a haka kafin dabarar ta yaɗu a Turai. A bisa wannan kuma aka ƙara yi wa ƙasan jirgi ruɓi biyu, ta yadda in dutse ya keta fatar waje, ta ciki za ta tare ruwan.

Sai dai mai lambu ya san cewa in kunya ta yi gajarta, ruwa kan haura ta. Abin da ya faru ke nan da jirgin Titanic a daren 14 ga Afrilu, 1912, a Tekun Atilantika. An raba cikinsa gida 16, an kuma lissafa cewa zai iya tsayawa a kan ruwa ko da guda huɗu na gaba sun cika. Dutsen ƙanƙarar da ya goga ya huda fiye da haka, goshin jirgin ya sunkuya, ruwa ya riƙa haura bango yana zuba a ɗaki na gaba, ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka waɗannan bangaye sun ba mutane awa biyu da minti 40, lokacin da ya isa a kwashe jama'a masu yawa. Abin takaici, kwalekwalen ceto guda 20 ne kacal a jirgin, masu ɗaukar mutum 1,178, alhali mutanen ciki sun kai kimanin 2,200. Fiye da 1,500 suka halaka.

Wannan musiba ce ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS a 1914, wadda aka yi ta sabuntawa har zuwa ta 1974 da ake aiki da ita tare da gyare-gyarenta. A ƙarƙashinta wajibi ne babban jirgin fasinja ya tanadi wurin zama ga kowane rai a kwalekwalen ceto ko tabarmar roba mai hura kanta, a kuma iya sauke su duka cikin minti 30, ko da jirgin ya karkace. Wani abin da ya burge ni shi ne, an yi tanadi har ga ranar da ruɗewa za ta hana ma'aikata yin komai. Tabarmar nan ta roba tana ɗaure ne da wani makulli wanda nauyin ruwa ke kwancewa kafin ya kai zurfin mita huɗu, sai ta taso sama ta hura kanta. Haka nan akwai wata 'yar na'ura da ke kuɓucewa da kanta ta yi iyo, ta aika wa tauraron ɗan'adam saƙon inda jirgin ya nutse. Ita kuwa rigar ceto ta teku an ɗinka ta yadda za ta juya fuskar mutum sama ko da ya suma, ga fitila da usur a jikinta. Hatta hanyoyin cikin jirgi an yi musu alamu masu haske a kusa da ƙasa, domin wanda hayaƙi ya sa shi rarrafe ya gane mafita.

Dabara ta gaba ita ce hana ruwa yawo a cikin jirgi. Yarinyar da ta ɗebo ruwa a faffaɗar roba ta san wahalar tafiya da shi, domin da ta ɗan karkata sai ruwan duka ya ruga gefe guda ya ƙara rinjayar ta, shi ya sa ake jefa ganye ko ƙoƙo a kai. Jiragen da ke ɗaukar motoci suna da wani dogon fili a cikinsu marar bango, kuma ruwa kaɗan a wannan fili ya isa ya kifar da su. A daren 2 wayewar 3 ga Fabrairu, 2006, jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba a Saudiyya zuwa Safaga a Masar da mutum kimanin 1,400. Gobara ta tashi, aka yi ta feshin ruwa don kashe ta, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan ba su fitar ba, ya taru ya kwanta gefe guda, jirgin ya kife cikin Bahar Maliya. Fiye da mutum 1,000 suka rasu. Wato ke nan dabarar da ba a kula da gyaranta, da ita da babu duk ɗaya.

Amma a cikin dukkan waɗannan dabaru, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce mafi arha, wato wani layi da ake shatawa da fenti a jikin jirgi. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll ne ya yi ta fafutuka a kansa, ganin yadda masu jirage ke danƙara musu kaya har su nutse da ma'aikata, har aka sanya shi cikin doka a 1876. Ma'anarsa a sarari take: in ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce ƙima. Tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi ita ce rarar da jirgi ke dogara da ita idan igiyar ruwa ta taso ko mutane suka ruga gefe guda. Duk fasinjan da aka ƙara bayan layin, daga wannan rarar aka yanko masa wuri. Jirgin Joola na ƙasar Senigal an ƙera shi ne don mutum ɗari biyar da 'yan kai, amma ranar 26 ga Satumba, 2002, ya taso daga Ziguinchor zuwa Dakar da kusan ninki huɗu na haka. Iska ta same shi a gaɓar Gambiya, ya kife cikin 'yan mintoci. Mutum 1,863 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, 64 suka tsira. Mamatan sun fi na Titanic yawa, shekara 90 bayan darasin Titanic.

To, mai karatu zai ce, ina ruwan kwalekwalen Bagwai da tauraron ɗan'adam? Gaskiya ne, amma asalin hikimar ba ta fi ƙarfinmu ba, hasali ma kakanninmu sun riga sun san ta. Masuncin Argungu da ke kwanciya a kan gora yana jan homa, iskar da ke kulle cikin gorar ce ke ɗauke da shi. Kowace lita guda ta iskar da aka kulle tana tallafe kimanin kilo guda a cikin ruwa. Ashe jarka mai lita 25, in an toshe bakinta da kyau aka ɗaure ta tamau a ƙarƙashin wurin zama, tana ƙara wa kwalekwale ƙarfin ɗaga kusan kilo 25 ranar da ruwa ya cika shi, kuma jarkoki da dama za su taimaka wajen hana shi tafiya ƙasa gaba ɗaya. Igiyar da aka zagaya gefen kwalekwale ta zama abin kamawa ga wanda ya faɗa. Layin fenti bai fi ƙarfin kowane sarkin ruwa ba. Rigar ceto kuwa ba ta da madadi, musamman ga yara, domin abin da aka riƙe da hannu yakan suɓuce in an gaji, wanda aka ɗaura a jiki yana nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, wato NIWA, ta wajabta sanya ta, ta kuma hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima. Abin da ya rage shi ne aiki da dokar a bakin kowace mashiga.

A nan ne zancen ya taɓo imaninmu. Duk lokacin da irin wannan ta faru sai ka ji an ce ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai. Sai dai wannan bushara ce ga mamaci da lallashi ga iyayensa, ba ta wanke wanda ya ɗora mutum hamsin a mazaunin ashirin don kwaɗayin kuɗin mutum talatin. Allah Maɗaukakin Sarki Mai iko ne Ya tserar da Annabi Nuhu (AS) ba tare da wani sababi ba, amma Ya umarce shi da ya sassaƙa jirgi, ya haɗa alluna ya ɗaure su, tun kafin ɗigon ruwa ya sauka, mutanensa na wucewa suna yi masa izgili. Haka kuma Manzon Allah (SAW) ya buga misali da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda rabonsu don su huta da hawa ɗiban ruwa. Darasin misalin shi ne, in aka kama hannunsu kowa ya tsira, in aka zuba musu ido kowa ya halaka. Fasinjan da ya ga ana ƙara lodi ya yi shiru don kunya, ya duba wane ɓangare yake cikin wannan misali.

Don haka nasihata ga kaina da 'yan uwana mutanen tudu ita ce, in tafiya ta kai mu bakin ruwa, mu dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin kwalekwale kafin mu shiga. In ta yi kaɗan, mu haƙura mu jira sawu na gaba, domin Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma rigakafi ya fi magani. Malaman makarantun da ke ɗaukar yara zuwa Maulidi ko musabaƙa su tuna amana ce a hannunsu, su raba yaran sawu biyu ko uku, su nemi rigar ceto ko da aro ne. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana kuwa, ga wata ƙofa a buɗe: rigunan ceto hamsin da aka ajiye a wata mashiga a hannun amintacce za su yi shekaru suna aiki. Sannan mu shiga da sunan Allah, mu yi addu'ar hawa abin hawa, mu dogara gare Shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Bagwai da Warra da sauran wurare, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kiyaye mu a tudu da cikin ruwa. Amin summa amin.