BOKE: BA BOKA BA, BA BOKO BA

Da yawa daga cikinmu 'yan kallo mun san abin da ido, sunansa ne kawai ba mu sani ba. Ka tuna inda ake nuno jaruma a waƙa, fuskarta ta fito tar, amma bishiyoyin da ke bayanta sun narke sun yi dishi-dishi, fitilun titi sun koma wasu dunƙule-dunƙulen haske? To masu ɗaukar hoto boke suke ce masa.

Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta dushewa ko hazo. Har tsohon da tunaninsa ya fara rikicewa sukan danganta shi da ita. A 1997 ta bazu cikin Turanci ta hanyar mujallar Photo Techniques ta Amurka, inda editanta Mike Johnston ya ƙara mata harafin h a ƙarshe don Turawa su furta ta daidai. Kuma a lura, ba yawan dushewar ake nufi ba, kyawunta ake nufi: shin ta kwanta lumui ne, ko kuwa tana da kaushi mai damun ido?

Yaya ake samunsa? A cikin gilashin kyamara akwai wata 'yar ƙofa da haske ke shiga. In aka buɗe ta sosai, misali a f/1.8, aka matso da jaruma kusa, aka nisanta ta da bango, sai bayanta ya dushe. In aka tsuke ta zuwa f/16, komai zai fito rangaɗaɗau. Shi ya sa finafinanmu na zamanin kaset da wuya ka ga boke: farantin da ke karɓar haske a ƙananan kyamarorin bidiyon nan ɗan mitsitsi ne, har tsintsiyar da aka manta a lungu sai ka gan ta! Da Canon ta fito da 5D Mark II a 2008, mai babban faranti kuma tana ɗaukar bidiyo, sai ƙananan furodusoshi a duniya suka samu abin da a da sai masu kuɗi.

Ni dai ina son boke, wallahi, amma ina da ƙorafi. Yanzu wasu daraktocin sun ɗauka dushe baya shi ne ƙwarewa. Za ka kalli fim sukutum ba ka san ko a Kano ake ko a Jos ba, don an narkar da garin. Ina jeren amarya? Ina zauren? Ina hada-hadar kasuwa? Ai ɗakin mutum ma labarinsa yake bayarwa. A Citizen Kane na 1941, mai ɗaukar hoto Gregg Toland ya bar gaba da baya duk suka fito fes, har yau ana koyar da aikinsa.

Boke yatsan darakta ne, yana ce maka nan za ka duba. In yarinya na kuka a tsakiyar taron biki, a dushe jama'ar, mu ji kaɗaicinta. In kuwa talaucin gidansu ne labarin, don Allah a bar mu mu ga bangon da ya tsage. Gishiri ne, kuma kowa ya san miyar da ya yi wa yawa.