Melba Liston: Macen da Makaranta ta Miƙa wa Ƙaho

A ƙasar Hausa busa gado ce, kuma ta maza ce. Mu da muka tashi a Matankari mun san haka tun kafin mu iya karatu: mai algaita ɗan mai algaita ne, kakaki kuwa ba a busa shi sai don sarki. Mata suna da shantu da kiɗan ƙwarya da waƙoƙin gaɗa, amma ban taɓa ganin an miƙa wa yarinya abin busa ba. Shi ya sa labarin Melba Liston, baƙar fatar Amurka da ta shahara a kiɗan jaz, ya tsaya mini a rai, har na ga ya dace in kawo shi gaban ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu.

An haife ta a birnin Kansas ranar 13 ga Janairu 1926. Tana da shekara 7 aka ba yara damar koyon kiɗa a makarantarsu, ita kuwa ta zaɓi tirombon. Wannan ƙaho ne na ƙarfe, dangin kakaki na nesa. Kakaki miƙaƙƙe ne, da murya biyu yake faɗin kirarin sarki, ta sama da ta ƙasa. Tirombon kuwa yana da lanƙwasasshen bututu da ake turawa ana jawowa, mai matsaya 7, don haka yana zamewa daga murya zuwa murya kamar maƙogwaron mutum. Kunnen Bahaushe, wanda harshensa ya dogara ga hawa da saukar murya, ba ya jin wannan sauti baƙo.

A 1937 ta koma Los Anjalas, inda ta yi karatu a hannun wata malamar kiɗa, Alma Hightower. Tana da shekara 16 ta sami aiki cikin makaɗan gidan wasa na Lincoln, daga nan ta shiga ƙungiyar Gerald Wilson, sannan ta Dizzy Gillespie. Sau da yawa ita kaɗai ce mace a tsakiyar maza, kuma daga baya ta bayyana irin cin zarafin da ta sha a hanyoyin tafiya. Rangadin da ta yi da mawaƙiya Billie Holiday a kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ta yi katutu, ya ƙare cikin wahala, har ta ajiye ƙahon ta koma aikin ofis na wasu shekaru. A 1956 Gillespie ya sake kiran ta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sana'arta ta biyu, wato tsara kiɗa. Wani ne yake ƙago karin, amma sai an sami wanda zai zauna da alƙalami ya raba wa kowane mabushi da makaɗi nasa kason: inda zai shiga, inda zai yi shiru, muryar da za ta hau kan wata. Aiki ne irin na malami mai shirya darasi da dare. Ɗalibi ake gani ranar jarrabawa. Melba ta yi wa mai kaɗa fiyano Randy Weston wannan aiki kusan shekara 40. Ita ta tsara masa faifan Uhuru Afrika, wato ƴancin Afirka da harshen Suwahili, wanda aka ɗauka a Nuwamba 1960, wata 3 bayan Nijar ta sami mulkin kai. Cikin makaɗansa har da Babatunde Olatunji na Nijeriya, kuma gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta haramta shi a 1964. A 1963 suka fitar da Highlife, inda ta sake tsara wani kiɗa na Bobby Benson na Legas mai suna Niger Mambo. Duk da haka, faifai ɗaya tak ta fitar da sunanta, wanda aka ɗauka a 1958.

Daga 1973 ta yi shekara 6 tana koyar da kiɗa a Jamaika. A 1985 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba ta da busa. Da a ce ƙahon kaɗai ta iya, da nan labarinta ya tsaya. Amma da yake ta iya rubutu, sai ta koyi aiki da kwamfuta ta ci gaba da tsarawa, har suka ɗauki The Spirits of Our Ancestors ita da Weston a 1991. Ta rasu ranar 23 ga Afrilu 1999.

Ba ina kira a rushe gado ba ne. Gidajen mabusa sun riƙe mana taken sarakunan Arewa tun kaka da kakanni, kuma sun cancanci girmamawa. Sai dai abin da yake cikin ƙirjin mutum ɗaya yana tafiya tare da numfashinsa. Tsohon mabushi yakan kwanta dama da take da dama a kansa, ɗansa kuwa yana Yamai ko Sakkwato wajen neman abinci. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tana can babban birni. A nan karkara, malami da ƙungiyar al'adu ne kaɗai ke kusa da waɗannan dattawa.

Don haka ina roƙon kowace ƙungiya ta je ta gaishe da mabusan garinta, ta nemi izininsu, ta naɗi kowane take, ta rubuta sunan wanda ake yi wa shi da ma'anarsa da lokacin da ake busa shi. In kuma makaranta ta sami sarewa ko wani abin busa, kada malam ya tsallake bencin ƴan mata. Iyaye za su yi tambaya, domin a wurinmu busa ta haɗa hanya da roƙo. Amsar ita ce koyon abu don adana shi ilimi ne, kamar koyon tarihi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ya kau, sai wanda ya rubuta ta.