Ranar da ruwan Alhaji ya tona mini asiri

Duk wanda ya yi firaktikal a sashen Fasahar Ɗakin Gwaje-gwaje ya san abin da muke kira gyaran sakamako. Ka yi taitireshan sau ɗaya, ka sami 23.40, lokaci ya ƙure, sai ka cike sauran layuka biyun da 23.50 da 23.40. Malami ya sa hannu, kowa ya kama gabansa. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba, kuma ko a jikina. Sai da na kai wannan ɗabi'ar wajen makaranta, na gwada ta a kan ruwan gidan wani bawan Allah, sannan na gane kurena.

Bayan mun gama shekarar farko, wani abokin yayana mai gyaran wuta ya ce mini ana neman wanda zai riƙa kula da kwamin ninƙaya a wani gida a Nasarawa GRA, a Kano. Sau uku a mako ne, kuma kuɗin ya isa rajista da handawut, har da ɗan na mota. Mahaifinmu ya yi ritaya, mu shida ne a gabansa. Ban tsaya dogon tunani ba na ce ina so.

Kwamin yana bayan gida, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 5, zurfinsa idan an daidaita mita ɗaya da rabi. Ranar farko na zauna na buga lissafi: lita 75,000. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda 3,000 ke nan. Na tuna layin da muke bi da bokiti a hostal da asuba, na yi shiru kawai.

Aikin ba shi da wuya. In kwashe ganyen darbejiya da ya faɗa ciki, in goge bango da buroshi mai dogon hannu, in tabbatar injin da ke zagaya ruwan ta cikin tankin yashi yana aiki awanninsa, sannan in gwada ruwan. Akwai ƙaramin akwati mai kwalba biyu. A ta farko kana jefa ƙwayar DPD: idan akwai kulorin sai ruwan ya koma ruwan hoda, yawan kulorin shi ne ƙarfin launin. A ta biyu kana ɗiga finol red don ka san pH. Ana son kulorin ya tsaya tsakanin ppm 1 zuwa 3, wato miligiram ɗaya zuwa uku a kowace lita, pH kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Abin da ka samu sai ka rubuta a wani littafi mai baƙin bango da Alhaji ya ajiye a ɗakin inji. Ranar da ya ɗauke ni aiki, littafin kaɗai ya jaddada mini. Ya ce, "Ɗan samari, jikokina ke shiga ruwan nan. Abin da ka gani shi za ka rubuta."

Wata huɗu ina yi tsakani da Allah. Kullum sakamakon kusan iri ɗaya, 2.0 da 7.4. To ka san zuciya. Sai na fara jin na san ruwan nan, da ido ma zan gane lafiyarsa. Cikin Agusta ƙwayoyin DPD suka ƙare, a daidai makon da gwaje-gwajen aji suka rufe mu. Hajiya ta ba ni kuɗin sayowa, na sa a aljihu na ce gobe zan shiga Sabon Gari. Goben nan ta kai mako biyu da rabi. Sai in zo da sassafe ina sauri, in watsa gwangwani guda na garin kulorin, in leƙa ruwa in ga garau har ana ganin tayil ɗin ƙasa, in buɗe littafi in rubuta 2.0 da 7.4, in ruga lacca. Ko finol red ɗin da bai ƙare ba na daina taɓawa.

Cikin kwanakin ne taransifomar layin ta lalace. Alhaji ya yi tafiya, ba a tayar da babban janareto saboda dizal, ƙaramin kuma ba ya ɗaukar injin ruwan. Ga ruwan sama kusan kullum, yana wanko ƙura da ganye yana zubawa ciki. Ranar Asabar yara uku suka yi wanka, ina gefe ina goge bango, har ina yi musu dariya.

Ranar Talata ina fitowa daga aji wayata ta yi ƙara. Baba maigadi ne. Ya ce, "Injiniya, kana ina? Zo ka ga ruwanka ya koma miyar kuka."

Wallahi bai yi ƙari ba. Kore shar, ko matakala ta biyu ba a gani. Na shafa bango, santsi kamar an shafa karkashi. Gansakuka ta kama ko'ina. A ranar na je Sabon Garin da na yi ta ɗagawa, na dawo na gwada. Ƙwayar DPD ta narke, ruwan kwalba bai ko canza ba: sifili. Finol red kuwa ya wuce launi na ƙarshe a jikin kwalbar, wato pH ya haura 8.

Abin kunyar shi ne duk dalilan na karanta su a aji, har na ci jarrabawa a kansu. Garin da muke zubawa, wanda aka fi sani da HTH a kasuwa, kalsiyam haifokulorait ne, kuma yana ɗaga pH a hankali idan ba a bi shi da asid. Kulorin a cikin ruwa kashi biyu yake rabuwa: asid ɗin haifokuloros, wanda shi ne mai ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta, da ɗan'uwansa mai rauni. A pH 7.5 kusan rabi da rabi suke. Idan aka kai 8, mai ƙarfin bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sannan rana tana cinye kulorin da ba shi da kariya cikin 'yan awanni, ni kuma da safe nake zubawa, kafin azahar ya tafi. Ga inji a kashe, ruwa a tsaye wuri ɗaya, ga ɗumi. Gansakuka ba ta neman abin da ya wuce haka.

Amma abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne ranar Asabar. Gansakuka ba ta bayyana dare ɗaya sai kulorin ya riga ya yi kwanaki a ƙasa. Ke nan lokacin da yaran nan ke nutso suna kurɓar ruwa, babu abin da ke tsare su, ruwan dai yana da haske ne kawai. Ni kuma na rubuta 2.0 da hannuna.

Alhaji zai dawo Laraba, jikokinsa na Abuja za su iso ƙarshen mako. Na shiga ɗakin inji na ɗauki littafin, ina tunanin in yage shafuka biyun in ce ruwa ne ya jiƙa su. Ban san Baba maigadi yana bakin ƙofa ba. Ya ce, "Ɗana, ajiye littafin nan. Ina ganin ranakun da ba ka buɗe akwatinka ba, na yi shiru ne don ba hurumina ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka gaya masa da bakinka kafin ya gano da kansa."

Na ce, "Baba, korata zai yi, kuma da kuɗin nan nake karatu."

Ya ce, "Wataƙila ya kore ka. Amma ka gaya masa."

Washegari Alhaji ya tsaya a bakin kwamin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kawo littafin. Ya bi layukan da yatsa. Ya ce, "Littafi ya ce biyu, ruwa ya ce babu. Wa zan yarda da shi?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ne mai gaskiya. Kwana goma sha bakwai ban gwada ba, rubutawa kawai nake yi."

Ya tambaye ni ko yara sun shiga cikin kwanakin. Na ce sun shiga. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Direbansa ya ce a zubar da ruwan kawai a kira tanka a sake cikawa. Jarka 3,000 ta faɗo mini a rai. Na ce, "Alhaji, a ba ni kwana huɗu da janareto. In bai gyaru ba, ba sai an sallame ni ba, da kaina zan tafi." Ya ce kuɗin magani da rabin na dizal daga albashina za su fita. Na ce na yarda.

Ga yadda na yi, ko wani zai amfana. Na fara da pH, domin zuba kulorin a ruwan da ya haura 8 asarar kuɗi ce. Na cika bokiti da ruwa, na zuba asid a ciki kaɗan-kaɗan, na zagaya da shi gefen kwamin inji yana aiki, ina gwadawa bayan 'yan awanni har ya sauko 7.2. A kula, maganin ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. Kuma kada a kuskura asid ya haɗu da garin kulorin a bokiti ɗaya ko a ajiye su manne da juna, domin iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum a asibiti.

Daga nan na goge bango da ƙasa da lungunan matakala, don gansakuka tana yin wata yauƙi a samanta da ke kare ta daga magani. Bayan magariba, da rana ta faɗi, na yi babban zubi. Lissafin mai sauƙi ne: a lita 75,000, ppm ɗaya yana cin giram 75 na kulorin zalla. Garin namu ƙarfinsa kashi 65 cikin ɗari ne, ke nan kusan giram 115. Don in kai ppm 10 na auna kilo ɗaya da giram 150 a sikeli, na narkar a bokiti, na zuba. Aka bar inji yana aiki dare da rana.

Da safe ruwan ya tashi daga kore ya koma fari-fari kamar an zuba madara, alamar gansakukar ta mutu. Kulorin kuwa ya faɗi sosai, don yana ƙarewa ne a wurin aikin kisan, sai na sake cikawa da daddare. Tankin yashi yana toshewa da gawar gansakuka, don haka kullum sai na juya masa ruwa ta baya na wanke shi. A dare na uku na sa alam, wanda iyayenmu mata ke jefawa a randa idan ruwa ya yi gurɓi, na bari ya gauraya, na kashe inji. Da gari ya waye duk dattin ya kwanta a ƙasa, na zuƙe shi a hankali zuwa magudana.

Gwajin ƙarshe shi ne ka auna kulorin da daddare, ka sake aunawa da asuba kafin rana ta fito. Idan ya ragu da fiye da ppm ɗaya, to akwai sauran abin da ke cin sa a ciki. Ranar Lahadi da asuba ragin bai kai haka ba. Duk da haka na hana yara shiga sai da kulorin ya sauko ƙasa da 3. Ƙaramar cikinsu har kuka ta yi, ta ce ai ruwan ya yi kyau. Na nuna mata kwalbar, na ce sai launin nan ya yi haske.

Alhaji bai kore ni ba, amma wata biyu albashina rabi ne, kuma da bashin yayana na yi rajistar bana. Yanzu da yamma nake zuba kulorin, na kuma sa an sayo asid ɗin sayanurik, wanda ke kare shi daga rana idan aka riƙe shi tsakanin ppm 30 zuwa 50. Baba maigadi ne ke tsayawa a kaina idan ina gwaji, ya riga ya iya karanta launin da kansa. Shafuka biyun nan suna nan a littafin, Alhaji ya ja musu layi da jan biro ya ce a bar su.

Yanzu muna tsakiyar furojet, kuma ina jin yadda ake maganar gyara lambobi don jadawali ya yi kyau. Ba wa'azi nake yi ba, don ni ma mai laifi ne. Amma 'yan'uwana ɗalibai, nan da 'yan watanni wasunmu za su sami aiki a gidajen ruwan leda, wasu a ɗakin gwajin asibiti, wasu a kamfanonin abinci. A can, wani ne zai sha ko ya haɗiyi abin da ka sa wa hannu, kuma ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Makon jiya na sami 19.80 a gwaji na biyu, alhali na farko 23.10 ne. Abokin bencina ya ce in gyara mu tafi cin abinci. Na rubuta 19.80 ɗin, na wanke kayan aiki, na sake daga farko.