Gyaran Jitar Bes Da Amfilifaya: Aikin Hannun Da Muke Jin Kunyarsa

Yau ba zancen siyasar zango ko tsadar motar zuwa gida zan yi ba. Zan yi magana ne a kan wani abu da nake yi ranakun Asabar a nan Agege don sha'awa kawai, wanda da yawa cikin 'yan'uwa ke ganin bai kamaci Bahaushe mai iyali ba, wato saita jitar bes da gyaran amfilifayarta. Ni ba makaɗi ba ne, ban taɓa hawa dandali ba, kuma ba da shi nake ci ba. To amma na daɗe ina ganin akwai abin da muke asara saboda kunyar irin wannan aiki, shi ya sa na ce bari in baje shi a faifai, kowa ya auna da kansa.

Ga wanda bai san ta ba, bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba a cika jin ta da kunne ba sai dai a ji ta a ƙirji. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da wadda ta fara karɓuwa a kasuwa a 1951, mai suna Precision Bass, sannan a 1960 kamfaninsa ya ƙaro Jazz Bass, kuma har gobe yawancin waɗanda ake gani a Alaba kwaikwayon waɗannan biyun ne. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, kuma mafi kaurin tana kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya zauna a Kudu ya san amonta ko bai so ba, domin ita ce ke riƙe da kiɗan juju na su King Sunny Ade, da afrobit na Fela, da na kusan kowace coci ranar Lahadi. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce can can, tunda marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, da irin waɗannan kayan Turawa ya rera waƙoƙinsa na Hausa.

Abin da ya fara ja na shi ne gano cewa yawancin jitocin da ake cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, saiti kawai suka rasa. Ka ga tsirkiyoyin nan huɗu, idan aka ɗaure su suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana. Wuyan kuwa katako ne, katako kuma yana shan iska kamar fatar kalangu. A damshin Legas ya kumbura, tsirkiya ta kwanta a kan ƙarafan wuya tana zuza kamar ƙudan zuma; idan hunturu ya busa ya tsuke, tsirkiya ta yi sama har yatsu su yi ciwo, bakin ƙarafan su fito suna yankar hannu. Don haka aka saka wata sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai noti a ƙarshenta, wadda ake juyawa da alanki.

Aikin yana da tsari, kuma wanda ya tsallake mataki sai ya dawo baya. Da farko a ɗaure tsirkiya daidai sautinta. Sai a danne ta a ƙarfen farko da na ƙarshe, a duba ratar da ta rage a tsakiya. Abin da ake so bai wuce kaurin katin gayyatar biki ba, wato wajen milimita 0.3. In ratar ta yi yawa a ɗaure notin, in babu ita a sassauta, amma kwata ɗin zagaye kawai a lokaci guda, sannan a bar katakon ya huta. Mai gaggawa a nan shi ke karya sanda, in kuwa ta karye to kuɗin gyaran ya kan fi kuɗin jitar. Bayan nan sai a koma kan jaki, wato inda tsirkiya ke zama, kamar dai jakin garaya ko na goge, sai dai wannan na ƙarfe ne mai sukurori. A ɗaga ko a sauke har tsayin tsirkiya ya kai milimita biyu zuwa biyu da rabi. Na ƙarshe shi ne gwajin ƙarfe na 12, wanda yake daidai rabin tsirkiya: idan sautinsa ya haura yadda ya kamata, a ja jakin baya, idan ya gaza, a turo shi gaba. Shi ke nan. Alanki, sukundireba, ɗan ma'auni da kunne, sai haƙuri wanda ba a sayar da shi a Alaba.

Amfilifaya kuwa ita ce mai haɗari, kuma a nan ne na fi ganin ɓarna. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Mutum ya sayo tokumbo da aka yi don Amurka, murna ta hana shi karanta rubutun da ke bayanta, ya cusa a soket, sai hayaƙi. Wannan ita ce cuta ta ɗaya. Ta biyu ita ce fis: idan ya ƙone sai a naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari, alhali fis mai gadi ne, ya mutu ne don ya ceci taransifoma. Ta uku lissafin sifika. Sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su gefe da gefe, wato paralel, suna komawa om 4, biyu masu om 4 kuma su koma 2, yawancin amfilifaya kuwa ba sa jure ƙasa da 4, sai su yi ta zafi har su ƙone. Sauran matsalolin ƙanana ne: ƙura da tsatsa a cikin maɓallin ƙara sauti su ke kawo ƙarar nan ta kwar-kwar, dalmar da ta saki a bakin soket ita ke sa sauti ya ɗauke ya dawo, gunjin da ba ya yankewa kuma sau da yawa wayar ƙasa ce babu, ko kafasita ta tsufa.

Ina roƙon duk yaron da zai gwada wannan ya riƙe abu biyu. Kafasita tana ajiye wuta ko bayan an zare filogi, a tsofaffin amfilifaya masu kwalabe irin Ampeg SVT ta 1969 mai wat 300 wutar da ke ciki ta kai ɗaruruwan bolt, tana iya kisa. Sai an sauke ta an auna da mita kafin a sa hannu. Irin masu kwalaben nan kuma ba a kunna su babu sifika a haɗe. Na biyu, kafin ka kunna abin da ka gyara, ka bi da wutar ta cikin ƙwan fitila irin na da mai zare. In ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke haɗuwa, ka kashe. Wannan ƙwan ya cece ni asarar da ba zan iya ƙirgawa ba.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce mu a wurinmu duk abin da ya shafi kiɗa na maroƙa ne, kuma mun san matsayin da al'ada ta ba su. Wani dattijo da nake girmamawa ya taɓa tare ni bayan sallar La'asar, ya ce, "Ɗana, me nake ji haka? An ce 'yan coci na shiga gidanka da garayar Turawa. Roƙo za ka koma da girmanka?" Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri Baba, ba kaɗawa nake yi ba, gyara nake yi." Ya ce, "Mai wanke tukunyar giya ai ba a raba shi da wari." Ban ja da shi ba, don ba a jayayya da manya a ƙofar masallaci. Maganar hukuncin kiɗa kuwa ta malamai ce, sun yi bayani, kowa ya san wanda yake bi, ni ba ni da fatawa a nan.

Abin da na sani shi ne wannan. Cikin amfilifayar bes da cikin amfilifayar masallaci abu ɗaya ne: taransifoma, kafasita, taransisto, fis. Da ta masallacin unguwarmu ta fara yanke wa ladan murya ana saura kwana kaɗan azumi, an yi niyyar kai ta wurin mai gyara a wata unguwa, kamar yadda aka saba, a biya kuɗin mota a biya na aiki a jira mako guda. Na roƙa a bar ni in duba. Dalma ce ta saki a ƙafar soket ɗin makirfo, sai wayar lasifikar waje da ruwan sama ya cinye. Kafin Magariba an kira salla da ita. Ilimin da na yi aikin da shi a kan kayan makaɗa na same shi, ba wani wuri ba. Ku duba masallatan zangonninmu, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Sabon Ibadan zuwa na Shagamu, da wuraren wa'azi, da tafsirin azumi, da Maulidi, da walimar sauka: duk da lasifika muke yi. Mu nawa ne a cikinmu ke iya buɗe ta idan ta yi shiru?

Wannan tambayar ta fi damuna tun daga ranar 1 ga Yuni 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa. Kowa ya ga yadda ƙannenmu suka koma zaman benci, wasu suka tattara suka koma gida hannu rabbana. Babur ana iya ƙwace shi a titi da rana tsaka. Abin da ke cikin kai da yatsu ba mai ɗora shi a motar kamu. Ba na cewa gyaran jita zai ɗauki dubban matasa, a'a. Amma yaron da ya iya karanta mita da riƙe ƙarfen dalma, gobe shi ne mai gyaran inbata da sitabilaiza da kayan sola, kuma waɗannan ba a Kudu kaɗai ake neman su ba, har a ƙauyenmu.

Akwai kuma wata riba da ban zata ba. Mun san yadda kalmar aboki ke fita daga bakin wasu a garin nan, mun san abin da ake nufi da ita. Amma mutumin da ya miƙa maka jitar da ya tara kuɗin wata shida kafin ya saya, ya tafi ya bar ta a ɗakinka, ya dawo ya same ta ta fi yadda ya kawo ta, wannan ya daina ganin ka a matsayin mai gadi ko mai yankan farce. Wani matashi Bayarabe da ke kaɗa bes a cocinsu yanzu Alhaji yake kira na, ko da yake ban je Makka ba tukuna, kuma duk lokacin da gari ya ɗan yi zafi shi ke fara bugo waya ya ji ko muna lafiya. Zaman baƙunci da irin wannan amana ake riƙe shi, ba da takardar sarkin Hausawa kaɗai ba.

Kuma in an bi ta tushe, ba baƙon abu muke yi ba. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, wani ne ya zauna ya haɗa shi da hannu har ya yi magana. Maƙeranmu da dukawanmu ba su taɓa jin kunyar aikin hannu ba. Mu ne muka zo birni muka koyi raina shi.

Don haka shawarata ga iyaye ita ce, in kun ga yaro yana kwance rediyo don ya ga abin da ke ciki, kada ku dake shi, ku saya masa mita da ƙarfen dalma, ku haɗa shi da wanda ya iya don ya koyi kiyaye wuta. Ga kwamitocin masallatanmu kuma, ku ware yaro ɗaya ko biyu ku tura su koyo, su zama su ne masu kula da kayan sauti. Wanda ke kusa da Agege kuma yake da tsohuwar amfilifaya a ƙarƙashin gado, kada ya sayar wa 'yan gwangwan tukuna, ya kawo mu buɗe ta tare da yaran.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya mai da mu gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.