Tsakanin Dogonyaro Da Jar Akuya

Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya san abubuwa biyu da ba a yi musu magani da baki: ranar watan Afrilu mai haura digiri 40, da iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas ta cika wa mutum tukunyar miya da ƙura. Magabatanmu sun san icce ne maganin duka biyun, shi ya sa har yau sunayen itatuwa ke manne da wurare a garin nan, irin su Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Gawon Nama da Giginya. Abin da ba a cika faɗa ba, ya kai mai karatu, shi ne kowane iccen da ka ga ya girma a birnin nan, sai da wani ya yi yaƙi da akuya a kansa.

A Amurka barewa ce ke shiga gidaje ta cinye itatuwan da aka dasa don shinge. Mu tamu barewar tana da ubangida, kuma ubangidan maƙwabcinka ne, sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. To nan fa gizo ke saƙar.

Shekara huɗu ke nan da na dasa dogonyaro 12 a bayan katangar gidanmu, a wata sabuwar unguwa ta bakin gari inda babu abin da ke tare iska sai hanjin ligidi da ledoji. Na zaɓe shi ne saboda ba ya tuɓe riga. Kuka takan kaɗe ganye da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa, gawo kuma da damina yake zubar da nasa, amma dogonyaro kore yake shekara a kewaye. Asalinsa baƙo ne daga yankin Indiya, zamanin Turawan mulkin mallaka ya shigo, yau ga shi ya fi 'yan gari zama ɗan gari. Na jira watan Yuli da ruwa ya zauna, na haƙa ramuka kamu ɗaya-ɗaya, taku huɗu tsakani, na zuba ruɓaɓɓen taki, na dasa.

Da damina lafiya lau, domin ciyawa ko'ina. Daga Nuwamba zuwa bazara kuwa, duk wani kore a unguwa abinci ne. Mutane na cewa ai dogonyaro ɗaci gare shi, dabba ba ta ci. Wanda ya faɗi haka bai ga jar akuyar Sakkwato a watan Maris ba. Takan miƙe da ƙafafun baya kamar mutum, ta kai kusan kafaɗar babba, ta tsinke tohon sama. In ta rasa ganye sai ta koma ɓawo, kuma wannan ya fi muni, don ta ƙarƙashin ɓawon ne abincin icce ke bi. Da zarar ta kewaye gindin da haƙori, iccen ya mutu a tsaye.

Na gwada dabaru kala-kala. Ƙayar magarya tana aiki, sai dai gara na cin turakun, iska ta kwantar da ita, wani lokaci kuma mai neman itacen girki ya wuce da ita. Tsohon gidan sauro na hana baki kai wa ganye amma ba ya jure rana. Dama kashin awaki da ruwa a shafe gindin icce tsohuwar dabara ce, akuya na ƙyamarsa, sai dai kowane mako biyu sai an sabunta. Abin da ya fi riƙo shi ne jera bulo a kewaye, a bar ƙofofi don iska, a kai shi tsayin ƙirji. Duk da haka, dare ɗaya da aka yi guguwa uku daga cikin itatuwan suka tafi.

Awakin na wata tsohuwa ne, maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, jikoki biyar ke hannunta. Na je na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, na zo ƙarar 'ya'yanki." Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, mi kaka so in yi musu? Awakin ga su ne bankina, su ne asibitina. In na ɗaure su, wa ka ba ni dussa?" Har ta tuna mini hadisin da ke nuna cewa abin da dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ne. Na ce gaskiya ne Inna, amma a bari iccen ya girma sadakar ta ɗore.

Ranar muka ƙulla yarjejeniya. Dusar gidanmu da ɓawon wake da sauran tuwo duk nata ne. Ita kuma tana turke awakin daga hantsi zuwa la'asar, jikokinta na kai wa itatuwan ruwan alwalar da muke tarawa a bokiti. Tara ɗin da suka saura yanzu sun haura katanga, kuma in na yi sassabe, ganyen gidanta yake zuwa.

Wannan darasi ba sabo ba ne. A kwarin Majiya da ke Jamhuriyar Nijar, can bayan iyakarmu ta Illela, an fara dasa layukan dogonyaro don tare iska a 1975, tare da taimakon ƙungiyar CARE. Abin da ya raya su shi ne an ɗauki masu gadi suna kore dabbobi har itatuwan suka fi ƙarfin baki, daga baya amfanin gero ya ƙaru a gonakin da ke tsakanin layukan. Yau muna da shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Kowace damina ana rabon dashe, ana ɗaukar hoto. Ni dai da za a bi shawarata, kada a ƙirga icce ranar da aka dasa shi, a ƙirga shi bayan bazara uku.

Akuya ba abokiyar gaba ba ce. Fatarta ce aka riƙa ketara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, kuma ita ce rufin asirin mata da yawa a garin nan. Garin yana buƙatar inuwa, yana kuma buƙatar nama da nono, don haka dole su zauna tare. Dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekara uku ne, kuma ba ya yiwuwa sai da yardar maƙwabta.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka karɓo dashe a daminar bana, tanadi bulonka, ka san inda ruwan rani zai fito, sannan ka leƙa gidan mai awaki ku gaisa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga inuwar abin da muka dasa.