Zuwa Ga 'Yata A Zariya

'Yata,

Kowa lafiya a gida. Mamanki ta ce dambun naman yana hanya.

Saƙonki ya iso. Kin ce 'yan ɗakinku sun raba dare suna gardama, har wata ta ce da za a daina ambaton ƙabila kwata-kwata da ƙasar nan ta huta, kina kuma son jin ta bakina. To, ban yarda da ita ba, ko da yake na san abin da ya ishe ta.

Ke fa 'yar Jimeta ce. Tuna layinmu a Luggere: telan nan Margi, mai kifin Binuwai 'yar Bachama, Bafillatanar da ke kawo kindirmo, wadda in ciniki ya ƙi sai ta ajiye Hausa ta koma Fillanci, ta gaya miki magana tana dariya. Tuna yadda maƙwabcinmu Babarbare ba ya ganin kakanki sai ya ce ga bawansa nan, kakanki kuma ya ce a ba yaron nan fura kada yunwa ta kashe shi. Kullum zancen ƙabila suke yi, kuma ranar da kakanki ya rasu Babarbaren ne ya fara shiga kabari. Ido da ido suke yi, shi ya sa.

Wanda nake tsoro shi ne na bayan ido. A zaure, ko yanzu a WhatsApp, inda kowa namu ne, babu mai cewa "ba haka aka yi ba." Numan na nan kusa da mu. A 2004 an zubar da jini kan hasumiyar masallaci kusa da fadar Hama Bachama, a ƙarshen 2017 kuma aka kashe mata da yara a rugage da ƙauyuka, ɗaya na ramuwar ɗaya. A ganina ba yawan magana ne ya jawo ba. Kowa ya daɗe yana yi, amma da 'yan'uwansa kaɗai.

Shiru kuma ba ya share tarihi. Mu an ba mu labarin yadda Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 da alfahari, kuma abin alfaharin ne. Amma Bata da Verre da Chamba suna da nasu labarin na zuwan masarautarsa ta Fombina, ba kuma mai daɗi ba ne. Da Gwamna Fintiri ya ƙirƙiro sababbin masarautu a Disamban 2024, irin su Hong da Michika da Madagali da Fufore, wasu sun kwana suna kiɗa, wasu sun kwana da takaici. Wanda bai taɓa sauraron ɗaya ɓangaren ba sai ya ɗauka hauka suke yi.

Kina ƙarama lokacin da Boko Haram suka kama Mubi a 2014, mutane suka kwararo Yola da ƙafa. Bishop Stephen Mamza ya buɗe musu harabar cocin St. Theresa, Musulmi da Kirista, daga baya har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu a Sangere-Marghi. Ya san ko su wane ne sarai, bai yi kamar bai sani ba.

Don haka, uwata, in aka ɗauko zancen wata ƙabila babu ɗanta a wurin, tashi ki ba su wuri, balle lokacin zaɓe. In akwai, zauna ki yi tambaya, ki jure amsar ko ta yi miki ɗaci. Kin ce akwai 'yar Michika a ɗakinku. Ki tambaye ta yadda suka baro gida a 2014, in kuma an yi hutu ki zo da ita ta kwana biyu a wurinmu.

Allah ya yi miki albarka.

Wassalam,
Babanki