Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka Ya Koma Kudu

Masu bibiyar ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, ku matso mu tattauna, don maganar nan ta daɗe tana ci mini rai. A watan Maris na 2025, da aka fitar da sunayen jami'o'i 68 da za su fafata a gasar NCAA ta maza, 14 daga ciki sun fito ne daga rukuni guda, wato SEC na kudu maso gabashin ƙasar, alhali jami'o'in rukunin duka-duka 16 ne. Ba a taɓa ganin irin haka ba. Mafi yawan da aka taɓa samu 11 ne, na rukunin Big East a 2011. Shi kuwa ACC, gidan Duke da Karolina ta Arewa, wanda muka taso muna jin sunansa a matsayin gagara-badau, da kujera huɗu ya tsira. Shekara tara kafin nan, a 2016, kujera uku kacal SEC ɗin ya samu. A lokacin, in ka cire Kentaki, kallon da ake yi wa yankin shi ne ba abin da ya iya sai ƙwallon ƙafa irin na Amurka.

Ga wanda bai saba ba, rukuni ƙawance ne na jami'o'i, galibi maƙwabta, da ke buga wasa tsakaninsu duk kaka, su sayar wa gidajen talabijin izinin nunawa, su raba kuɗin. Ku riƙe maganar kuɗin nan, za mu dawo kanta.

Wasan nan ɗan birni ne tun asali, kuma babban gidansa Niyok. A 1950 wata kwalejin birnin, CCNY, ta cinye manyan gasa biyu na ƙasar a shekara ɗaya, NIT da NCAA, da yaran unguwa waɗanda suka koyi wasa a filayen siminti. Shekara na zagayowa aka bankaɗo badaƙalar 'yan caca da ke sayen 'yan wasa su rage tazarar maki, martabar birnin ta zube. Amma yaran suna nan, ba inda suka je, sai masu wayo suka fara zuwa ɗiba. Frank McGuire ya bar St. John's ta Niyok a 1952 ya koma horar da Karolina ta Arewa, ya riƙa jigilar yaran garinsu zuwa can. A 1957 ya ci kofi ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, wasa 32, da 'yan wasan da suka fito daga Niyok da kewayenta. A wasan ƙarshe sun doke Kansas ta Wilt Chamberlain bayan ƙarin lokaci har sau uku. To shi ma Chamberlain ɗin daga Philadelphia aka ɗauko shi. Haka UCLA, wadda ta ci kofi goma tsakanin 1964 da 1975 ƙarƙashin John Wooden, uku daga ciki da Lew Alcindor ta ci su, wanda duniya ta sani daga baya da Kareem Abdul-Jabbar, shi ma yaron Niyok.

Me ya hana Kudu noma nata? Nan ne labarin ke da ɗaci, kuma ba na son a riƙa tsallake shi in ana yabon SEC na yau. Jami'o'in gwamnati na Kudu sun rufe ƙofa ga baƙar fata. Ba su ɗaukar su karatu, ba su sa su wasa, wasu ma ba su yarda a kara da ƙungiyar da ke da baƙar fata ba. A 1963 sai da 'yan wasan Mississippi State suka sulale daga jiharsu a ɓoye, suna gudun takardar kotu, kafin su je su buga da Loyola ta Shikago, don kawai akwai baƙaƙe a cikinta. A daidai wannan zamani, mutum wajen miliyan shida, baƙar fata, sun bar Kudu tsakanin wajen 1910 da 1970 suna gudun wariya da talauci, suka cika Shikago da Detroit da Philadelphia da Niyok. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka zama taurarin filayen simintin da ake zuwa ɗiba. Wato Kudu da hannunta ta kori arzikinta.

A 1966 Texas Western ta garin El Paso ta fara wasan ƙarshe da baƙaƙe biyar, ta doke Kentaki ta Adolph Rupp, wadda duk farare ne, da ci 72 da 65. Dubi inda koci Don Haskins ya samo yaran: Bobby Joe Hill daga Detroit, Willie Worsley da Willie Cager da Nevil Shed daga Niyok, biyu daga Gary ta jihar Indiana, David Lattin daga Houston. Sai a 1967 Perry Wallace ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa wata babbar ƙungiyar SEC ƙwallon kwando, a Vanderbilt, kuma ya sha zagi da tsangwama a duk filin da ya taka a yankin. Duk sanda na ga filin Auburn ko Alabama ya cika maƙil ana kirarin yaran da kakanninsu ba su isa su taka harabar ba, Wallace nake tunawa.

Arewa maso gabas ta sake yin tashe bayan an kafa Big East a 1979, shekarar da tashar ESPN ta fara aiki, ɗaya na neman ido, ɗaya na neman abin nunawa. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta doke Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, a wasan ƙarshe. A 1985 uku daga cikin huɗun ƙarshe 'yan Big East ne. Yaro ɗan Brooklyn ba ya buƙatar barin garinsu kafin duniya ta gan shi.

Daga nan ruwa ya fara juyawa, a hankali. Jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Arewa suka fara komawa Atlanta da Houston da Dallas da Charlotte, inda aiki ya fi samuwa, gida ya fi araha. Ƙidayar 2020 ta ƙara wa Teksas kujera biyu a majalisar wakilai, Fulorida da Karolina ta Arewa ɗaya-ɗaya, ta rage wa Niyok da Illinois da Michigan da Pennsylvania, har da Kalifoniya. Inda mutane suka yi, can yara suke. A zaɓen 'yan wasa na NBA na 2019, na ɗaya da na biyu, Zion Williamson da Ja Morant, duk a Karolina ta Kudu suka tashi. Na ɗaya a 2020, Anthony Edwards, ɗan Atlanta ne. Na ɗaya a 2021, Cade Cunningham, daga Arlington ta Teksas. Ko wanda aka haifa a Arewa sau da yawa Kudu yake zuwa ya nuna, domin makarantun kwana masu renon 'yan wasa irin Montverde da IMG a Fulorida suke. Cooper Flagg daga jihar Maine ya fito, can ƙuryar arewa, amma a Montverde ya ƙarasa sakandare kafin Duke. Kuma kowane Yuli, manyan kociyoyin ƙasar kan yi dafifi a North Augusta ta Karolina ta Kudu don kallon gasar Peach Jam ta kamfanin Nike, inda ake baje kolin yara masu tasowa.

Sai dai yawan yara shi kaɗai bai isa ba, don an yi shekaru Duke da Kentaki da Kansas na zuwa Jojiya da Teksas su kwashe na kirki su wuce. Abin da ya tsayar da yaran a gida kuɗi ne, kuma kuɗin ba na ƙwallon kwando ba ne. Na ƙwallon ƙafar Amurka ne. Kowace jami'ar SEC na karɓar sama da dala miliyan 50 a shekara daga rabon rukunin, akasari albarkacin talabijin. Bayan kunyar 2016 shugabannin rukunin suka ɗauko Mike Tranghese, tsohon shugaban Big East, ya ba su shawara, jami'o'in kuma suka buɗe bakin aljihu. Auburn ta riga ta ɗauki Bruce Pearl a 2014, Tennessee ta ɗauki Rick Barnes a 2015, Alabama ta ɗauki Nate Oats daga Buffalo a 2019. Auburn ta kai huɗun ƙarshe karon farko a tarihinta a 2019, Alabama a 2024. A Teksas ma haka: Texas Tech ta kai wasan ƙarshe a 2019, Baylor ta ci kofi a 2021, Houston ta Kelvin Sampson ta zama ƙashin kifi a wuyan kowa.

Yamma ce ta fi ba ni tausayi. Daga kofin Arizona na 1997 har zuwa gasar 2025 ba wata jami'ar can da ta sake ɗaga shi, duk da Gonzaga ta kai wasan ƙarshe sau biyu, San Diego State sau ɗaya. Sannan a 2024 rukunin Pac-12, mai tarihin sama da shekara ɗari, ya tarwatse saboda an kasa samun cinikin talabijin mai tsoka. UCLA da USC da Oregon da Washington suka koma rukunin Big Ten, Stanford da Cal da ke bakin tekun Fasifik suka shiga ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar Atlantika ne. Ɗalibi ɗan shekara 19 ya tashi daga Los Angeles ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasa ɗaya a tsakiyar mako, ya dawo ya shiga aji. Ba wanda ya tambaye shi kafin a yanke wannan shawara.

Yanzu ku dubi Fulorida da ta ci kofin 2025, ta doke Houston 65 da 63. Da yawanmu mun raya dararen azumi muna bin zagayen farko na gasar, wasu wasannin har su kai mu sahur. Gwarzon ƙungiyar, Walter Clayton Jr., ɗan jihar Fulorida ne, amma manyan jami'o'in jiharsu ba su kula shi a fagen kwando ba da ya gama sakandare. Sai ya tafi Iona, wata ƙaramar jami'a kusa da Niyok, ya yi shekara biyu a hannun Rick Pitino, sannan ya dawo gida a 2023. Hanyar da McGuire ya share ce aka biyo ta baya. Kocinsu Todd Golden daga jami'ar San Francisco aka ɗauko shi. Will Richard daga Belmont ya zo, Alijah Martin daga Florida Atlantic, Alex Condon daga Ostireliya. Ga kuma namu, Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya da ya bi ta makarantar NBA ta Afirka a Senegal, ya fara da Washington State, ɗaya daga jami'o'i biyun da aka bari a kangon Pac-12, ya tattara ya koma Fulorida, ya ɗaga kofi.

Wannan ƙungiya ba za ta haɗu ba a tsohon tsari. Tun 2021 aka daina tilasta wa ɗan wasa zaman shekara guda in ya sauya sheƙa, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka ba shi damar cin kuɗin sunansa da hotonsa. Ni ina goyon bayan duka biyun, ba ɓoye-ɓoye. An yi shekaru aru-aru koci na kwasar miliyoyi, ya bar jami'a ranar da ya ga dama, yaron da guminsa ke cika filin kuwa a hukunta shi don wani ya saya masa abinci ko takalmi. Wannan zalunci ne, kuma akasarin waɗanda ya faɗa wa 'ya'yan talakawa ne baƙar fata.

Amma akwai abin da ya salwanta, ba zan yi kamar ban gani ba. 'Yan wasan sun zama kamar 'yan ci-rani: a sauka gari a yi kaka ɗaya, a ɗaure kaya, a nufi inda ya fi tsoka. Zawarcin ɗan sakandare, inda koci zai je falon iyaye ya zauna ya ɗauki amanar ɗa na shekara huɗu, ya ja baya, domin koci ya gwammace ya sayo ɗan shekara 22 da ya riga ya goge. Wanda ya sauya jami'a uku kuwa sau da yawa ba duk kwasa-kwasansa ake amsa ba a sabuwar, digiri ya yi nisa, alhali kaɗan ne ƙwarai za su shiga NBA. Su kuma yaranmu na Afirka da ke can da bizar ɗalibi, doka ta taƙaita musu aikin samun kuɗi a cikin Amurka, don haka ba sa cin moriyar sabon tsarin yadda abokan wasansu ke ci. Ban yi mamaki ba da tsofaffin ACC suka yi ta ajiye aiki a jere, Roy Williams a 2021, Mike Krzyzewski a 2022, Jim Boeheim a 2023, sai Tony Bennett na Virginia a Oktoban 2024, yana da shekara 55 kacal, wanda ya faɗa da bakinsa cewa sabon yanayin bai dace da shi ba.

Kar kuma a yi wa Arewa maso gabas jana'iza tun tana numfashi. UConn ta ci kofi a 2023 da 2024 a jere, na farkon da Adama Sanogo ɗan Mali a matsayin gwarzo, yana azumi yana wasa. St. John's ta farfaɗo a 2025 ta cika Madison Square Garden, sai dai ku duba su wa suka ɗaga ta: RJ Luis daga Miami, da Zuby Ejiofor, ɗan asalin Najeriya da ya yi sakandare a Teksas. Niyok da ake zuwa ɗiba ita ke sayowa daga Kudu yanzu. Kuma Arkansas ta SEC ce ta fitar da su a zagaye na biyu.

A Yunin 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a. A SEC da Big Ten kaso mafi tsoka ƙwallon ƙafa zai tafi, don shi ke kawo kuɗin. Jami'o'in Big East kuwa, irin St. John's da Villanova da Marquette, ba su da babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa da za su ciyar, duk abin da suka tara a kwando za su zuba. Sauyin da a da sai al'umma ta yi ƙaura kafin a gan shi, yanzu hukuncin alƙali ɗaya a Kalifoniya na iya kawo shi cikin kaka biyu, kuma yaran da ke Atlanta da Dallas za su bi shi duk inda ya nufa.